Shin kwamfuta za ta iya rubuta mana kiɗan waƙoƙinmu a takarda?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Marwa ta ƙasar Kamaru, an damƙa mini koral ɗin makaranta, wato ƙungiyar mawaƙa, da 'yar fanfar ɗinmu ta masu busa. Solfej ɗina, wato ilimin karanta rubutun kiɗa, bai yi zurfi ba, ina karantawa a hankali amma rubutawa na ba ni wuya. Na ji ana cewa yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kiɗa a takarda da kanta. Muna son shirya waƙoƙin Hausa biyu don bikin matasa na 11 ga Fabrairu, da muryoyi huɗu da ɓangaren masu busa. Zan iya dogara da ita ta rubuta mini, ko ɓata lokaci zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya dafa maka a kan wannan nauyi. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma ayyuka uku ne a cikinta, kuma kowanne da kayan aikinsa. Akwai ƙirƙiro sabon karin waƙa, ko ƙara wa wanda ake da shi muryoyi, a fitar da shi a rubuce. Akwai sauraron waƙar da aka riga aka rera a mayar da ita rubutu. Sannan akwai tsara rubutun a kan layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kai ya fito tsaf, a buga wa kowane yaro nasa. Wannan na ƙarshen an daɗe da gama da shi: manhajar MuseScore kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba. Sauran biyun su ne inda ragar jijiyoyin kwamfuta, wato injin da ke bayan ƙirƙirarriyar basirar da ka ji labari, ke shigowa, kuma a nan ne maganar take da tsawo.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: ka ɗauke ta a matsayin mai kawo maka daftari, musamman a ɓangaren masu busa da atisayen karatu. Amma karin waƙar Hausa kansa, da yadda muryoyi za su bi kalmomi, kada ka bar mata. Ba don injin ba shi da ƙarfi ba, sai don abin da aka ciyar da shi ba namu ba ne.

Yadda take rubutu

Ragar ba zana layuka biyar take yi ba, ba kuma kunne gare ta ba. Haruffa da lambobi take jerawa, wata manhaja ta mayar da su zane. Hanya mafi sauƙi ita ce rubutun da ake kira ABC, wanda wani Bature ɗan Ingila, Chris Walshaw, ya fito da shi a farkon shekarun 1990 don a iya rubuta karin waƙa da madannan kwamfuta kawai. Ga ɗan misali da na tsara maka:

M:4/4
L:1/8
K:G
G2 A B d2 B A | G2 E D E4 |

Layin farko yana cewa bugu huɗu ne a kowane ɗaki, wato tsakanin sanda da sanda. Na biyu yana cewa harafi tsura rabin bugu ne, don haka kowane ɗaki sai ya cika takwas. Na uku yana cewa a gam ɗin sol muke, wato tsanin sautin da ke farawa daga sol. G shi ne sol, A la, B si, ƙaramin d shi ne re na sama, babban D re na ƙasa, E kuma mi. Lambar da ke gaban harafi tsawonsa ce. Ka ƙirga ɗakin farko: biyu, ɗaya, ɗaya, biyu, ɗaya, ɗaya, takwas ke nan. Na biyu: biyu, ɗaya, ɗaya, huɗu, shi ma takwas.

Horar da raga shi ne a nuna mata dubban irin wannan rubutu, a rufe abin da ke gaba, a ce ta cinci harafin da zai biyo baya. In ta kuskure a ɗan murɗa lambobin da ke cikinta, a sake gwada ta, a yi ta haka har sai cinkenta ya riƙa dacewa. Ba wanda ya gaya mata dokar kiɗa ko ɗaya. Ta dai lura cewa bayan kaza, kaza ne ya fi zuwa. Idan aka ce ta ƙirƙiro sabo, ƙuri'a take jefawa a kowane taki, amma ƙuri'ar da ta fi karkata ga abin da ta saba gani. Akwai wani ma'auni da ake juyawa don a ƙara mata ganganci ko a rage: in ka rage sosai sai ta yi ta maimaita abu ɗaya, in ka ƙara sosai sai ta bar hanya.

Daga nan za ka gane kuskurenta na farko. Tunda ba ƙirga take yi yadda muka yi yanzu ba, ta dai saba ganin sanda bayan wani ɗan tsawo ne, sau da yawa za ta ba ka ɗaki mai bakwai ko tara. Manhajojin hira irin su ChatGPT, waɗanda su ne za ka fi samu a wayarka, suna iya rubuta ABC idan ka nema, kuma suna yawan yin wannan tuntuɓe, balle idan muryoyi huɗu ne da ya kamata su tafi kafaɗa da kafaɗa. Duk abin da suka ba ka, ka ƙirga kafin ka saurara.

Ka kuma kula da bambancin rubutu da fayil ɗin MIDI. MIDI tsari ne da ya fito a 1983 don kayan kiɗan lantarki su yi magana da juna. Kowace nota lamba ce daga 0 zuwa 127, do na tsakiya shi ne 60, sai lokacin da aka danna da lokacin da aka saki. Bai damu ba ko fa diyez ne (fa da aka ɗaga rabin taki) ko sol bemol (sol da aka sauke rabin taki), lamba ɗaya ce a wurinsa, alhali ga yaron da ke karatu ba ɗaya ba ne. Manyan ragogi da dama, kamar Music Transformer na Google na 2018 da MuseNet na OpenAI na 2019, da irin wannan tsari suka yi aiki. Abin yana da daɗin ji, amma idan ka buɗe shi a kan layuka biyar sai ka tarar da tarin ƙananan notoci da ɗaure-ɗaure da hutu marasa kan gado, wanda ba ɗalibin da zai iya karantawa. Su kuwa manhajoji masu ƙirƙiro waƙa irin su Suno sauti suke ba ka, ba takarda. Kai abin da kake nema shi ne ABC ko MusicXML (wani tsarin fayil na rubutun kiɗa), waɗanda MuseScore ke iya ɗauka, na farkon ta hanyar ƙarin manhaja ko a fara juya shi zuwa na biyun.

Abin da aka ciyar da ita

Sa kwamfuta ta tsara kiɗa ba yau aka fara ba. Tun 1957 Lejaren Hiller da Leonard Isaacson suka yi haka a Jami'ar Illinois a Amurka, sai dai nasu dokoki ne aka rubuta wa injin da hannu. Gwaji da raga ya soma ne a ƙarshen shekarun 1980, da aikin Peter Todd na 1989, kuma ciwon ragogin wancan lokaci shi ne mantuwa: kafin su kai tsakiyar waƙa sun manta yadda suka fara. Tsarin raga da ake kira LSTM na 1997 ya rage wannan ciwo, tsarin da ake kira transformer na 2017 ya ƙara rage shi sosai.

Ayyuka biyu ne suka fi kusa da buƙatarka. Ɗaya shi ne folk-rnn, na Bob Sturm da abokan aikinsa, wanda aka horar da karin waƙoƙin gargajiya sama da 23,000, galibinsu na Ailan da maƙwabtanta. Ya yi nasara har makaɗa suka riƙa kaɗa abin da ya fitar, bayan sun tace sun gyara. Amma ka duba dalilin nasarar. Masu son wannan kiɗa sun shafe shekaru suna rubuta shi da ABC suna tarawa a wani shafin intanet, kowa na kawo nasa. Kuma karin nasu gajere ne mai tsayayyen ƙira, galibi kashi biyu, kowane kashi ɗaki takwas. Injin ya tarar da rumbu a cike.

Ɗayan shi ne ƙara muryoyi. DeepBach, wanda aka yi a ɗakin binciken Sony da ke Paris a 2016, an horar da shi da waƙoƙin coci 352 masu muryoyi huɗu na Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750. Ranar 21 ga Maris 2019 Google ya sa makamancinsa a shafinsa na farko: ka rubuta ɗaki biyu na kari, ya cika maka sauran muryoyi uku. Wannan shi ne ainihin abin da kake so a yi wa waƙoƙinka, kuma injin ya iya shi. Amma da hannun Bach yake yi, don shi kaɗai ya sani.

To, mu fa ina rumbunmu? Kiɗanmu a kunne da hannu yake, daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa yaro. Abin da aka rubuta kaɗan ne, kuma a warwatse yake cikin ayyukan masu bincike, irin na Veit Erlmann a kan mawaƙan yabo na Fulanin Diyamare, yankinku ke nan, wanda ya fito da Jamusanci a 1980, ko na David Ames da Anthony King a kan kiɗan Hausa a 1971. A takarda suke, a ɗakunan karatu na jami'o'i. Don haka idan ka ce wa injin ya rubuta maka waƙa irin ta Hausa, kamar ka je wurin telan da kwat kawai ya taɓa ɗinkawa ne ka ce ya yi maka babbar riga. Zai ɗinka wani abu mai faɗi, amma yankan kwat ne a ciki.

Inda take karo da Hausa

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, don na ga yadda yake ɓata waƙa mai kyau. Hausa harshe ne da murya ke hawa da sauka a kan kowace gaɓa, kuma wasali yana da tsawo da gajarta, amma rubutun bokonmu ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Mu da muka sha harshen a nono ba ma buƙata. Injin kuwa baƙaƙen kawai yake gani. Ɗauki baiti kamar "yara sun taru wajen kuka". In murya ta sauka a gaɓa ta biyu ta kalmar ƙarshe, itace ne, yara na wasa a inuwa. In gaɓoɓin biyu suka tsaya a sama, hawaye ne. Injin zai ɗora duk notar da ƙuri'arsa ta ba shi. Haka "gari ya yi kyau": ka ja gaɓar farko da doguwar nota, ka tashi daga yabon Marwa ka koma yabon abin tuwo. Mawaƙanmu ba kullum suke bin hawa da saukar magana sau da ƙafa ba, suna da 'yancinsu, amma sun san inda za su saɓa da inda saɓawa za ta kashe ma'ana, kuma wannan sanin ba ya cikin kowane fayil da aka ba injin.

Akwai kuma halin jimlarmu: tana farawa sama, tana gangarowa a hankali har ƙarshe. Saurari duk wani mawaƙin gargajiya, za ka ji baitinsa yana bin wannan gangara. Karin da injin ya saba da shi yakan hau tudu a tsakiya ne sannan ya sauko, wani lokaci ya tsaya a sama a rabin hanya. Ka ɗora kalmomin Hausa a kai, sai yara su riƙa rerawa kamar baƙin da suka koyi harshen jiya.

Matsalar tana ninkuwa idan aka zo muryoyi huɗu. A makarantar Bach, abin yabo ne wata murya ta hau yayin da wata ke sauka, kuma an hana muryoyi biyu su tafi a jere da tazarar biyar ko ta takwas (kamar daga do zuwa sol, ko daga do zuwa do na sama). Injin ya haddace wannan sarai. Amma ka duba abin da hakan ke nufi a harshenmu: idan soprano, muryar sama, ta sauka a kan kalma, bas, muryar ƙasa, ya hau a kan kalmar nan, to ɗayansu yana faɗin wata kalmar dabam, ko ba ya faɗin komai. Abin da dokar Turawa ta taƙaita, wato muryoyi su hau tare su sauka tare, shi ne abin da ke kare mana ma'ana. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina a nan Garwa cewa idan injin ya yi aikinsa daidai bisa abin da aka koya masa, a nan ne ya fi yi wa waƙar Hausa illa.

Sai tsanin sauti. Yawancin waƙoƙinmu a kan taki biyar suke tafiya. Misalin da na ba ka a sama haka yake: sol, la, si, re, mi, babu do, babu fa diyez. Ka ba injin ya ƙara muryoyi, kafin ɗaki na huɗu ya cusa fa diyez a bakin alto, muryar da ke bin soprano a ƙasa, don ta jingina da sol a rufe baiti. Nota ɗaya ce, amma da ta shigo launin waƙar ya juya, ta koma irin ta littafin waƙoƙin mishan. Ga wanda yake shirya waƙar coci a wannan salo, ba laifi. Ga waƙar da aka ɗauko daga dandali ko gidan biki, an canja mata fuska.

Ko layuka biyar ɗin kansu ba a kanmu aka yanka su ba. An raba tazarar takwas kashi goma sha biyu daidai wa daida, kamar yadda aka ɗaure piyano. Goge da algaita ba sa zama a kan waɗannan kujeru cif, suna zamewa tsakaninsu. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau a cikin bugu ɗaya, yana kwaikwayon magana. A ɓangaren bugu kuma, kiɗanmu da yawa ya fi zama a 12/8, wato rabin bugu goma sha biyu a ɗaki, inda tafi ke tafiya biyu-biyu ganga na tafiya uku-uku a lokaci guda, injin kuwa 4/4 ya fi gani, can yake jan komai. Takarda tunatarwa ce ga wanda ya riga ya ji waƙar. Wannan gaskiya ne ko da mutum ne ya rubuta.

Mayar da sauti rubutu

A nan ba zan daɗe ba. Akwai manhajoji irin su Basic Pitch da Spotify ya saki kyauta a 2022, ka ba ta sauti ta ba ka MIDI. Tana ƙoƙari idan murya ɗaya ce ko abin kiɗa ɗaya a wuri shiru. Ka ba ta abin da aka ɗauka da waya a gidan biki, ga kalangu ga guɗa ga lasifika, ba abin da za ka tsinta. Ko da murya ɗaya ce, duk wata 'yar karkarwa da lanƙwasa ta mawaƙi za ta fito a matsayin nota mai zaman kanta. In za ka gwada, ka samu ɗalibi mai tsayayyar murya, ya rera baiti ɗaya a hankali a aji bayan an tashi, yana bin bugun da ka sa masa a kunne. Abin da ya fito ka ɗauke shi a matsayin taswirar inda notoci suke, tsawonsu kuwa kai za ka rubuta. Ni na fi samun biyan buƙata da rage saurin sautin a manhajar Audacity, wadda ke iya yin haka ba tare da murya ta sauka ba, in bi shi gaɓa-gaɓa da madannan piyano.

Abin da zan yi da ni ne kai

Karin waƙoƙin nan biyu ka rubuta su da hannunka, ko da zai ci maka mako. Ka ce rubutu na ba ka wuya, na yarda, amma murya ɗaya ce, kuma MuseScore tana kaɗa maka duk notar da ka sa, kunnenka zai gaya maka in ka kauce. Ba ta kuma yarda ɗaki ya wuce adadinsa a aikin yau da kullum. Ka sa kalmomi a ƙarƙashin notoci tun daga farko. Ka faɗi baitin da baki kamar kana magana, sannan ka rera, ka ji ko sun yi hannun riga.

Game da muryoyi, ka fara tambayar kanka ko dole ne huɗun. Tsarinmu na asali jagora ne da 'yan amshi, kuma koral mai yara da yawa da ke karɓa da murya ɗaya tana cika fili fiye da muryoyi huɗu masu rawa. In tsarin bikin ya nemi huɗu, ga hanyar da nake bi. Soprano da teno, muryar maza ta sama, su riƙe karin, tazarar takwas a tsakaninsu. Alto ta bi su a ƙasa a cikin taki biyar ɗin nan, tana tsallake taki ɗaya: in soprano na kan si ita tana kan sol, in tana kan re ita la, in tana kan mi ita si. Ta haka duk inda karin ya hau ta hau, inda ya sauka ta sauka, kuma ba baƙuwar nota da za ta shigo. Bas kuma ka ba shi 'yar gajeruwar jimla ta amshi da zai yi ta maimaitawa kamar ganga, ko ya riƙe doguwar nota a kan wasali. A wannan gaɓar injin zai yi maka amfani: ka ba shi karinka da ABC, ka ce ya kawo maka salon bas iri-iri, ka gindaya masa cewa notoci biyar ɗin nan kaɗai zai taɓa. Zai karya sharaɗin a wasu wurare, ka goge. A cikin abin da ya rage akan samu wanda ba ka yi tunaninsa ba.

Ɓangaren fanfar shi ne inda zan fi sakar masa hannu, don maci da gajeren busan shiga da fita salon Turawa ne tun asali, abincinsa ne. Amma ka duba abu uku da ido. Turompet na si bemol ana rubuta masa taki ɗaya sama da abin da ake ji, saksofon alto na mi bemol kuma tazarar shida sama. Waƙar da ke gam ɗin sol za ta kai mai turompet la, diyez uku, ta kai mai saksofon mi, diyez huɗu, kuma yaran da suka fara busa bara za su sha wuya. Sauko da waƙar zuwa fa: turompet ya samu sol mai diyez ɗaya, saksofon ya samu re mai biyu, muryoyin yara ma su huta. Kada ka bar wa manhajar hira wannan juyi, takan rikice. Ka zaɓi sunan kayan busan daidai a MuseScore, ita za ta juya. Na biyu, iyakar hawa: na sha ganin daftarin da ya kai teno inda yaron da muryarsa ta fashe kwanan nan ba zai taɓa kaiwa ba, ko ya sa alto ta haye saman soprano. Na uku, numfashi. Injin ba shi da huhu, zai jera wa mai turompet ɗaki goma sha shida ba hutu. Mai algaitar fada yana iya wannan don yana shaƙa ta hanci yana busawa da iskar kumatu, ɗalibinka bai iya ba. Ka ɗauki fensir ka rera kowane layi da bakinka, duk inda numfashinka ya yanke ka sa hutu.

Wani wurin da na ji daɗinsa shi ne atisayen karatu. Ka ce ya ba ka gajerun layuka masu ɗaki huɗu, daga do zuwa sol, ba tsalle mai nisa. Ka tace, ka buga, kowane mako yara su samu sabo. Kai ma naka solfej ɗin zai ƙaru a wajen tacewar. Ka riƙa sauke komai kana ajiyewa lokacin da akwai wuta da intanet, don ranar atisaye kada ka dogara da su.

Za mu iya horar da tamu?

Za a iya, kuma ba injin ne mai tsada ba, rubutun ne. Raga irin ta folk-rnn ƙarama ce idan aka gwada da na yanzu. Hanyar da ta fi dacewa da mai 'yan ɗaruruwan waƙoƙi ita ce a ɗauko wadda aka riga aka horar, a ƙara mata horo da namu. Ana kuma ninka abin da ake da shi ta hanyar juya kowace waƙa zuwa gam dabam-dabam, kamar yadda masu DeepBach suka yi. Haɗarin ƙaramin rumbu shi ne ragar ta haddace, ta dawo maka da waƙar wani kusan yadda take, ka ɗauka sabuwa ce. Kuma in ana so ta koyi abin da na ce ta rasa, dole a rubuta kalmomi a ƙarƙashin notoci tare da alamar hawa da sauka da tsawon wasali. ABC yana da layi na musamman don kalmomi, wanda ke farawa da w:, don haka wurin yana nan. Aiki ne da ɗaliban harshe da na kwamfuta a jami'o'in Marwa da Ngaundare za su iya haɗa hannu a kai da malaman kiɗa irinka, kuma waƙoƙinka biyun nan, in ka rubuta su da kyau, sun shiga lissafi.

Sai dai waƙa tana da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta kare aikin mawaƙi, ta kuma sa kayan gargajiya cikin dukiyar al'adun ƙasa. In waƙar da ka zaɓa ta wani mawaƙi ce sananne, ka nemi izninsa ko na magadansa kafin ka buga ta a takarda ka rarraba, balle ka loda ta a wata manhaja. Ni hannuna a koral da fanfar na makaranta yake. Abin da ya shafi sayarwa ko rajistar aikin da injin ya sa hannu a ciki, ka kai shi ga lauya ko hukumar da ke kula da haƙƙin mawaƙa. Abin da ya shafi kiɗan fada kuma ka kai shi ga masu shi. Kakaki da tambari na Lamido ne, kuma akwai take da kirarin da mutum ɗaya ake yi wa, ba a busa su a filin makaranta don sun yi daɗi. Kafin ka ɗauko wani abu daga can, ka je ka gaida shugaban makaɗan fada, ka gaya masa abin da kake nufi, shi zai nuna maka wanda ya halatta yara su taɓa.

A saman kowace takarda ka rubuta sunan mai waƙar, ko ka ce ta gargajiya ce da garin da aka ji ta, da sunan wanda ya rera maka in ya yarda, da shekara, da sunanka a matsayin mai tsarawa. In layin bas ko busan shiga daga injin ya fito, ka faɗa a wurin. Ka ajiye fayil ɗin a MusicXML ban da PDF, don wanda zai gaje ka a makarantar ya iya buɗewa ya gyara, kuma ka haɗa shi a jaka ɗaya da sautin da ka ɗauka na ainihin rerawar.